Ƙulli Casa'in da Huɗu

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Masu turo min "har yanzu shiru?" tun ban karya kumallo ba, na gan ku, Allah ya bar zumunci. Ku kuma da kuka kwana kuna zagin Goggo Adama, ku ɗan kama bakinku tukuna. Ni mai rubutun ma sai da na ajiye waya na sha ruwa kafin na ƙarasa wannan.

*

Malam Zayyanu bai koma Wurno ba. Da kasuwar Goronyo ta tashi sai ya sauka a zauren wani mai albasa, gari na wayewa ya ɗaure akwatin maganinsa a bayan keke ya nufi rugar su Sajo. Ba ranar zuwansa ba ce, kuma da gangan ya yi hakan.

Abu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mutum goma sha biyu Likita Bature ya yarda a rubuta wa maganin tarin fuka, daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, don a 1957 ƙwayar sabuwa ce kuma ba ta zuwa da yawa. Zayyanu, malamin asibiti, ke bin su gida gida. Ciwon ba ya jin magani sai an sha kullum har shekara da rabi, mutanenmu kuwa da tari ya lafa sai su watsar. Shi ne ya fito da dabara. Kowane majinyaci a ba shi mutum ɗaya a gida da zai tsaya ya ga ya haɗiye, sannan ya yi ƙulli ɗaya a igiya. Har Bature ya yaba. Zayyanu kai ya kumbura, duk inda ya zauna sai ya ce, "Baki shina ƙarya, igiya ba ta ƙarya."

Goma sha ɗaya sun fara yin kumatu. Sajo kaɗai ke ƙarewa. Igiyarsa kuwa, wadda ke hannun mahaifiyarsa Goggo Adama, ta fi ta kowa cika.

Ya jingina keken a bayan gawo, ya laɓe.

Bai daɗe ba sai ga Goggo ta fito da ɗan faifai. Ta buɗe gwangwanin magani, ta ƙirga ƙwayar daidai yadda ya koya mata. Ta nufi bukkar Sajo. Da ta kai bakin ƙofa sai ta juya baya, ta durƙusa, ta tura faifan ta bayanta ba tare da ta waiga ba. Ta yi gyaran murya sau biyu. Ta miƙe ta koma ƙofar ɗakinta, ta ciro igiya daga jikin rufi, ta yi ƙulli, ta ja shi da ƙarfi.

Zayyanu ya fito daga bayan gawon. Ko sallama bai yi da kyau ba.

"Goggo, ina kwana."

Ta ɗan zabura.

"Lahiya lau, Malam. Da sassahe haka? Ai ba ranakka ba ta."

"Ba ranata ba ta. Ƙullin mi kinka yi yanzu?"

"Na yau."

"Kin ga ya haɗiye?"

Ta kawar da kai.

"Goggo, tambaya nika yi. Kin ga ya haɗiye?"

"Na aje mai."

"Ban ce kin aje ba."

"Na aje bakin ɗaki, na yi gyaran murya, ya ji ni. Kullum haka nika yi. Ban taɓa hwashi ba, ko ran da ruwa yak kwashe muna rabin ruga."

Ya karɓi igiyar ya bi ta da yatsa. Casa'in da huɗu. Ƙulli masu kyau, a jere, babu wanda ya fi wani girma.

"Wata ukku da kwana huɗu! Goggo, mi nic ce miki ran da nid damƙa miki igiyag ga? Ban ce ki zamna gabanai ba? Ban ce ki ba shi da hannunki, ki dibi bakinai, sannan ki ƙulla ba?"

"Ka ce."

"Kinka ce to."

"Na ce to. Ka zo da keke da takarda, maza sun taru, kan nuna ni da yatsa kac ce uwa ta hi kowa. Mi za ni cewa gaban mutane?"

"To don mi ba ki yi ba?"

Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi kashi a zaure.

"Malam, ɗan Wurno ka ko ɗan Turai? Tun da kaka zuwa gidan ga, ka taɓa jin na kama sunanai?"

Zayyanu ya sauke igiyar. Ya shiga lalube a ƙwaƙwalwarsa. "Wancan." "Mai ɗakin can." "Mijin Hassana." Wata uku, ko sau ɗaya bai ji "Sajo" a bakinta ba.

"Yusuhu hwa? Wanda yat tahi da shanu? Ba shi na babba ba?"

"Yusuhu ɗan yayata na. Ta rasu ta bar min shi shina rarrahe, nir rene shi." Ta nuna bukkar da haɓa, idonta a ƙasa. "Wancan shi na na hwari."

Ɗan fari! Jama'a, wa bai sani ba? Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta zama da shi, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta nuna wa duniya ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Balle Bafillatana irin Goggo, wadda za ta gwammace a yanke mata hannu da a ce ba ta da kunya. Ita ce Malam mai dabara ya zaɓa ta tsaya tana leƙa bakin ɗanta. Abin da ya fi ci masa rai, shi kansa ɗan fari ne. Har tasa uwar ta koma ga Allah "ɗan nan" take ce masa. Ya san abin sarai, tambaya ɗaya ce bai yi ba, don yana sauri ya kai Rabah kafin azahar.

Haushin kansa ya juye mata.

"Kunya! Ɗanki shina mutuwa kina kunya! In anka rufe shi sai ki tahi kabari ki juya baya ki yi gyaran murya!"

Wallahi bai kyauta ba, kuma ya san bai kyauta ba. Fuskar Goggo ta canza, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Ka gama? To ni ma in hwaɗa maka. Ƙwayakku ta banza ta. Wata ukku shina sha, dibe shi. Ni nan da kaka gani, da damina tari nika yi har da jini, ban gaya ma kowa ba. Jiƙon sabara da maɗaci kawai Hassana ka yi min kullum da sahe. Tun da kaz zo ka ji na yi tari?"

Ya dube ta da kyau. Gaskiya ne. Wuyanta ya ciko, idonta ya washe, ba kamar farkon zuwansa ba. Shi bai ma lura ba, ai ba ta cikin takardarsa.

"Na aika mai da jiƙon ya hi sau goma," in ji ta. "Ya ƙiya. Taurin kan ubanai yaɗ ɗauko."

Zayyanu ya miƙa mata igiyarta. Ya sunkuya ya shiga bukkar Sajo.

Warin ciwo ne ya fara tarbarsa. Sajo na kwance a kan tabarma, an tokare masa baya da buhun dusa. Mutumin da ake cewa yana kayar da bijimi shi kaɗai, yau ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Matarsa Hassana na tsugune a gefe, ta sunkuyar da kai. Faifan na gabanta, babu komai a kai.

"Malam," Sajo ya ce, yana neman murmushi. "Ka yi sammako."

"Ina ƙwayay yau?"

"Na sha."

"Da wane ruwa? Ga moɗa nan a bushe."

"Haka nih haɗiye."

"Sajo, ƙwayoyin ga ko jaki bai haɗiye su babu ruwa. Hassana, buɗe hannunki."

Ta ƙara dunƙule shi a cikin zane.

"Hassana, don girman Allah kak ki sa in yi abin da bai kamata ba. Buɗe."

Ta dubi mijinta. Ya rufe ido. Ta miƙo hannun, ta buɗe. Ga su nan, sun fara jiƙewa da zufa.

Zayyanu ya kwashe su. Ransa ya gama ɓaci.

"Saida su kuka yi? Ko shanu kuka ba? Akwai mutum arba'in da ka jiran suna guda shi hita daga takardag ga! Akwai mai jego a Lahodu, kullum mijinta shina tare ni bisa hanya shina kuka! Ku kuna nan kuna..."

Maganar ta tsaya masa. Idonsa ya sauka a bayan Hassana. Ɗan turmin dakan yaji ne, cikinsa fari fat kamar an daka alli. Kusa da shi ƙwarya ce cike da jiƙo, baƙi ƙirin, an rufe rabinta da faifai.

Daga waje muryar Goggo ta taso.

"Hassana! Jiƙon nan bai yi ba? Rana ta ɗaga hwa!"



Zayyanu ya dubi turmin, ya dubi ƙwaryar. Ya zauna daɓas a ƙasa, da farin wandonsa na aiki.

"Innalillahi. Sajo. Tun yaushe?"

"Tun satin hwarko."

"Duka?"

"Mun gwada rabawa, rabi ni rabi ita. Tarinta bai lahwa ba. Sai nit tuna kai kac ce rabin magani banza na. Sai nic ce ma Hassana ta riƙa daka mata duka. Maɗaci shina ɓoye ɗacin."

"Kai mahaukaci na? Mi ah hana ka gaya min? Da bakinka! Ka ce Malam, uwata tana tari!"

Sajo ya yi wata dariya da ta koma tari. Sai da Hassana ta riƙe masa kai, ta share masa baki da tsumma. Zayyanu ya ga abin da ke jikin tsumman, ya kawar da kai.

"Ka manta Baba Yusha'u?" in ji Sajo da numfashinsa ya dawo.

"Wane Yusha'u?"

"Ka gani? Ka manta. Ni ban manta ba. Ran da anka rubuta mu, Rabah, gindin durumi. Tsohon da ag gabana cikin layi, ɗiyatai ta riƙo shi tun daga ƙauye. Kad dibe shi kac ce, Baba, Bature ya ce ban da tsohhi. Koma gida ka riƙa salati, maganin ga na masu sauran kwana na."

Zayyanu ya tuna. Har dariya wasu suka yi a layin, shi kuma ya ji daɗin dariyar.

"Umurni anka ba ni, Sajo."

"Na sani. Ban ce laihinka na ba. Amma Goggo ma tsohuwa ta. In na gaya maka, mi za ka ce mata? Ta riƙa salati?"

Hassana ta fashe da kuka, tana toshe baki da gefen zane.

"Na roƙe shi, Malam. Na ce ka dibi ɗiyanka, na ce ka dibe ni. Yac ce in na hwaɗi bai yahe min ba duniya da lahira. Ni ka daka shi da hannuna kullum. Ni ka kai mata, ta sha ta sa min albarka, in dawo in ishe shi shina aman jini. Wace irin rayuwa ta wagga?"

"Yi shiru," in ji Sajo. Sannan ya juyo ga Zayyanu, muryarsa ta yi ƙasa. "Malam, ba ka san abin da nika ji ba. Da damina in ta hwara tari da asuba, sai ta cusa kai cikin tulu don kar in ji. Ina ji. Ba ni iya zuwa in ce Goggo sannu. Ita ba ta iya zuwa ta ce min sannu. Shekara talatin muna haka. Ko nono za ta ba ni, sai ta ce Yusuhu, kai ma wancan. Amma ni na san mai kyau shi taka ɗebe min. To mi ad da ni da za ni ba ta? Wanga shi kaɗai na."

Ni dai a nan na rasa wanda zan ji wa haushi. Kowa a gidan nan ya yi abin da aka koya masa tun yana goye, kuma ga inda ya kai su.

Zayyanu ya share fuskarsa da hula.

"Bari in gaya maka inda muke. Gwangwani guda na, suna guda na. In tad daina yanzu, ciwon za shi dawo mata, kuma in yad dawo ya hi na hwarko muni. Kai kuma in ba ka hwara sha yau ba, yau ɗin ga, ban ce kana ganin watan gobe ba. In nit tahi nig gaya ma Bature gaskiya, soke sunanka za shi yi, shi ce ka ba da maganinka ga wani. Ku duka biyu ku rasa."

"To kak ka gaya mai."

"In ce mi?"

"Ka ƙirga igiya ka tahi, yadda kas saba." Sajo ya dube shi ido cikin ido. "Ai igiya ba ta ƙarya, Malam."

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

"In nim mutu," Sajo ya ci gaba, "kak ka yi saurin kai labari. Ka bar sunana cikin takarda har ta cika shekara da rabinta. Shi kaɗai nika roƙonka. Kuma kak ka bari ta sani. In tas sani, ko digo ba ta ƙara sha."

Sun manta abu ɗaya. Bukka ba soro ba ce, kara ne da ciyawa.

Wani ƙara suka ji a waje, kamar an yar da ƙwarya. Zayyanu ya fita da sauri.

Goggo Adama na zaune a ƙasa, dab da jikin bukkar, inda ta zo karɓar jiƙonta da ta ga an daɗe. Ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. Igiyar na hannunta, ta sa haƙori tana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ta ja su da ƙarfi lokacin da take yi, yanzu sun ƙi kwantuwa. Leɓenta har ya fashe.

"Goggo..."

"Nawa nis sha?"

"Goggo, bari igiyag ga."

"Malam, ka iya ƙirga. Nawa nis sha?"

"Kusan duka."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ni ka aje mai da hannuna. In dawo in zamna in jira a kawo min. In sha, in yi hamdala, in ce sabara ta yi." Ta shafa wuyanta, wuyan da ya ciko, kamar tana son ta yage shi. "Har ina zagin shi cikin raina. Ina cewa ya ƙi jiƙo don taurin kai. Ashe naman ɗana nika ci kullum da sahe."

"Ba ki sani ba, Goggo."

"Da na diba da na sani! Sau guda! Da na waiga sau guda!"

Matan ruga sun fara fitowa, wasu da muciya a hannu, wasu da goyo. Suka tsaya nesa suna kallo. Su ne mutanen da ta yi shekara talatin tana jin kunyar idonsu.

Daga cikin bukka tari ya sake tashi. Wannan ba irin na ɗazu ba ne. Ya yi ta zuwa ba hutu, kamar ana yage sabon ƙyalle, har da wani gurnani a ƙarshensa. Sai kuma ya yanke gaba ɗaya.

"Malam!" Hassana ta ƙwala kira. "Malam, taho!"

Zayyanu ya juya zai shiga, Goggo ta cafke masa hannu. Bai san tsohuwa na da ƙarfi haka ba. Ta ɓamɓare yatsunsa, ta kwashe ƙwayoyin da ya karɓa daga Hassana. Ta miƙe, ta ture shi gefe.

Ba ta juya baya ba. Ba ta yi gyaran murya ba. Ta ɗaga asabarin ƙofar da hannunta, ta sa kai a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, matan ruga duk suna gani.

"Sajo."

Wata tsohuwa a cikin matan ta dafe ƙirji. Sunan ya fito wani iri a bakin Goggo, kamar na baƙo.

"Sajo! Ni ta. Tashi ka sha, ga ni ina kallo."

Hassana ta daina kuka. Zayyanu ya kutsa ta gefen Goggo ya durƙusa, ya kama wuyan hannun Sajo yana laluben jijiya. Bai ji tana bugawa ba.

"Sajo, na kira ka hwa. Ba ka ji ba? Sunanka nik kira."

Shekara talatin Sajo yana jiran ya ji wannan kiran.

Bai amsa ba.